Hannun Da Ke Kafaɗar Baba

Shafi na 11

Masu turo min saƙo cewa na bar ku tsaye a ƙofar coci tun ranar Talata, ku yi haƙuri. Sau uku ina rubuta shafin nan ina gogewa. Ba daɗi mutum ya tona wautarsa da hannunsa, amma tunda na fara, to ga shi nan.

Rana ba ta ƙarya. Asabar ɗin da Baba ya cika kwana arba'in da rasuwa ta zo, ina tsaye a farfajiyar coci riƙe da tiren dafaffiyar alkamar da za a raba wa mutane, sai Tsonka mai kanti ta jawo hannun rigata.

"Bilyana, zo ki gani."

"Lelya Tsonka, ba ki ga hannuna da kaya ba?" Lelya muke ce wa manyan mata a nan, kamar a ce Inna.

"Ajiye shi. Wannan ya fi alkama."

Ta ja ni har jikin ƙofa, inda takardar sanarwar rasuwar Baba take manne. Baƙin layi kewaye, gicciye a sama, hotonsa a tsakiya, sunansa a ƙasa, Zahari Kolev. Ni na shirya ta da hannuna a kwamfuta. Yayana Momchil ya karɓo guda talatin daga wurin masu bugawa ranar Juma'a, ya bi gari yana mannawa, kanti, tashar bas, gidan burodi, har jikin bishiyar dandali.

Mata biyar cikin baƙaƙen kaya sun yi cincirindo a wurin. Da suka gan ni sai suka buɗa min hanya, abin da ba su taɓa yi ba.

"Hoto ya yi kyau," in ji Tsonka. "Shekara hamsin na san Zahari, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai yau."

"Na gode."

"Amma hannun wa ke nan?"

"Wane hannu?"

Ta ɗora farcenta a kan takardar.

A kafaɗar Baba ta hagu, a kan baƙin kwat ɗinsa, hannun mace ne kwance. Ba a ɓoye yake ba, ko makaho ya shafa zai ji shi. Yatsu huɗu ne suka fito, manuniyar kuma rabi ce.

Duk garinmu mace ɗaya ce mai wannan hannun. Lelya Ginka, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya, wadda injin rufe gwangwani ya cire wa rabin yatsa a masana'antar tumatir tun kafin a haife ni. Ba ta taɓa aure ba.

"Ni dai na san yatsun Nedyalka cif suke," wata ta faɗa daga baya.

"Ƙila da tsufa ya tsiro mata."

Suka toshe baki da gefen ɗankwali.

Nedyalka sunan mamata ne. A lokacin tana cikin coci tana kunna wa mijinta kyandir, ta manta gilashinta a gida, ba ta san abin da ake ciki ba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ban san yadda aka yi addu'a ba, ban san yadda muka je kabari ba. Na dai san ina bin mutane da ƙananan kofuna ina miƙa musu alkama. Kowa ya karɓa sai ya ce, "Allah ya gafarta masa," sannan idonsa ya tafi can baya, inda Lelya Ginka ke tsaye ita kaɗai da hannunta na dama cikin aljihu.

Mama kuwa sai godiya take yi.

"Kin ga jama'a, Bilyana? Babanki mutumin mutane ne."

"Haka ne, Mamo."

Ana cewa a wuce wurin cin abinci, na damƙa wa matar fadan cocin tiren na kama hanyar gida da gudu. Momchil ya biyo ni yana haki.

"Ke! Mahaukaciya, ina za ki? Baƙi na jira!"

"Ka duba takardun kafin ka manna?"

"Na duba suna, na duba kwanan wata. Me kuma?"

"Hoton fa?"

"Baba ne. Na san fuskar Baba."

Namiji ke nan. Kusan sau talatin ya shafa wa abu gam ya danne da tafin hannu, bai kalle shi ba.

Na shiga ɗaki na kunna kwamfuta. Ga shi nan, sabon allon kwamfutar da na saya wata biyu da suka wuce, ya cika saman teburin keken ɗinkin Mama, ga girma ga sheƙi. Na zauna a 'yar kujerata na buɗe hoton.

"Zo ka gani. Ina hannu a nan?"

Babu. Fuskar Baba tana dariya, kwat baƙi ƙirin, bayansa baƙi ƙirin.

"Wane hannu kike ta faɗa ne?"

Na zaro takarda ɗaya da ta rage a ambulan na miƙa masa. Ya kalla. Ya daɗe yana kallo. Na jira ya yi ihu, domin Momchil direban babbar mota ne, ko gishiri ya nema sai maƙwabta sun ji. Amma sai kawai ya zauna a bakin gado.

"Ina kika samo hoton nan?"

"A shagon kafinta na Baba. Cikin gwangwanin ƙusoshi."

"Ba ki ga an yanke gefensa ba?"

"Na gani. Na ɗauka tsufa ne."

"Tsufa da almakashi?"

"Shi kaɗai ne hoton da yake dariya a ciki, Yaya! Duk sauran kamar an kai shi kotu. Na so mutane su tuna shi da fara'a."

"To sun tuna."

Ya miƙe ya zo bayana ya tsaya. Sai na ji ya ja numfashi.

"Ga shi nan mana."

"Ina?"

"Ga hannu nan ƙuru-ƙuru! Ke makauniya ce?"

"Babu komai a nan!"

"Tashi tsaye."

Na tashi. Ina miƙewa, baƙin ya fara washewa, yatsun suka fito ɗaya bayan ɗaya. Na koma na zauna, suka ɓace. Na sake tashi, suka dawo. Teburin keken dogo ne, kujerata gajera, wata biyu ina kallon allon nan daga ƙasa.

Nan take muryar dattijon nan mai gashin baki na shagon kayan kwamfuta a birnin Plovdiv ta dawo min a kunne, kalma bayan kalma.

Ku da kuka biyo ni tun shafin farko kun san yadda na bar aiki na dawo gida jinyar Baba, na ce zan riƙa gyara wa mutane tsofaffin hotuna in samu na kashewa. Abin da ban faɗa muku ba shi ne yadda na sayi allon. Kunya ce ta hana ni.

Mako uku na yi ina bincike a waya. Abu ɗaya na sa a gaba, yawan ɗigon da ke haɗuwa ya ba da hoto a allo. Wanda ya fi ɗigo, ya fi girma, ya fi araha, shi ne nawa. Da na same shi har rawa na taka a kicin. Na shiga shagon ina taƙama, na nuna shi da yatsa.

"Wane aiki za ki yi da shi?" dattijon ya tambaya.

"Gyaran tsofaffin hotuna."

"To ba wannan ba. Ɗauki ƙaramin can."

"Wancan inci ashirin da huɗu ne, wannan ashirin da takwas. Wannan ɗigonsa miliyan takwas, wancan ko rabi bai kai ba. Kuma ya fi wannan tsada da leva sittin."

"'Yata, yawan ɗigo daban, gaskiyar launi daban. Wannan na masu wasan harbe-harbe ne. Baƙin kwat da baƙin inuwa duk ɗaya ne a wurinsa. In kika kalle shi daga ƙasa ma sai ya ƙara duhu. Zauna a can ki gwada, ba a biya."

"Ka dai fi son ka sayar min da mai tsada."

"Ni albashi nake ci. Ko kin ɗauki babba, ko ƙarami, ko kin fita hannu rabbana, miyata ɗaya ce."

"Malam, shekara huɗu na yi ina karatun zane."

Ya kalle ni ta saman gilashi.

"To ai shi ke nan. Ki dai sa shi daidai idonki, kuma duk abin da za ki ba mutane, ki fara bugawa a takarda ki gani."

Ko ɗaya ban yi ba. Na sa shi inda ya samu wuri, na tura hoton Baba wurin masu bugawa kai tsaye. Abin da ya fi ci min rai, ni da kaina na ƙara wa hoton haske, domin a allona fuskar ta yi duhu. Na yi ta ƙarawa har ta fito yadda nake so. Ashe ina haska fuska ina haska hannu.

Na faɗa wa Momchil duk wannan ina kuka.

"Leva sittin," ya ce.

"Na sani."

"Araha ba ta ado, Bilyana."

"Na ce na sani!"

"Da kin tambaye ni da na cika miki."

"Da na tambaye ka da har yau kana yi min gori."

Bai musa ba.

"Tashi mu je mu ciccire su," na ce. "Ka ɗauki tashar bas da dandali, ni in ɗauki kanti. Kafin Mama ta sa gilashi."

"Wanda zai gani ai ya gani."

"Ita ba ta gani ba! Shekara arba'in da biyar tana wanke masa riga, yau kuma a ce ni, 'yarta, na manna wa duniya cewa shi da maƙwabciya..."

"Kada ki ƙarasa."

"Ƙarya na yi? Ga hannu a kafaɗarsa, ga dariyar da bai taɓa yi mana ba!"

"Na ce kada ki ƙarasa. Akwai abin da ba ki sani ba."

"Kai ka sani?"

Ya juya yana kallon taga. Momchil ya girme ni da shekara tara, kuma tun ina ƙarama in ya juya min ƙeya haka, to akwai abin da ya ci shi kaɗai.

"Yaya, me ka sani?"

Ƙofar waje ta yi ƙara. Takun Mama ne, na san shi, ƙafar hagu tana ɗan ja.

Ta shigo da gilashinta a ido. A hannunta takardar ƙofar gidanmu ce, ta ɓanɓaro ta har da fentin ƙofar a bayanta.

"Tsonka ta ara min nata gilashin a wurin abinci," ta ce. "Mace mai kirki. Har da riƙe min takardar ta yi don in gani da kyau."

"Mamo..."

"Sai na ce bari in zo gida in sa nawa, ko nata ne ke ƙarya."

Ban iya ɗaga kai ba. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har kunnuwana zafi suke yi.

"Mamo, ki yafe min. Wallahi ban gani ba. Allon ne, ba ya nuna baƙi, mai shagon ya gaya min, ni ce ban ji ba. Ni ce da taurin kai."

"Nuna min."

Ta zauna a kujerata. Ta leƙa.

"Ban ga komai ba."

"Sai kin tashi tsaye."

Momchil ya kama ta ta miƙe. Ta tsaya tana kallo, ta sa yatsa ta taɓa gilashin allon daidai wurin.

"Abin mamaki," ta ce. "Shekara talatin da huɗu ina ɓoye hannun nan, ashe akwai injin da ya fi ni iyawa."

"Kin san da hoton?"

"Ni na ɗauke shi."

Na kalli Momchil. Ya sunkuyar da kai.

"Ni na ɗauka, da kyamarar kawunku. Ni kuma na yanka shi, da almakashin da ke cikin aljihun keken nan da kika ɗora wa dodonki."

"To me ya sa kika bar hannun?"

"Da na cire hannun sai na cire masa kafaɗa. Na sa almakashi sau biyu, na kasa. Sai na jefa a murhu. Ban san ya tsame shi ba."

"Mamo, in Baba ya ci amanarki..."

"Ke!"

Ta daka min tsawar da rabona da ji tun ina firamare.

"Babanki ko ƙasa ba ta gama kwanciya a kansa ba, kada ki sa masa abin da ba ki sani ba. Kin ji ni?"

"To ki faɗa min abin da ban sani ba! Gari duka suna can suna cin abincinmu suna dariya, ni na jawo, ko dalili ban sani ba!"

"Su yi ta yi. Dariyar Tsonka ba ta taɓa kashe kowa ba."

"To me ya sa hannunki ke rawa?"

Ta ɓoye shi a cikin rigar sanyi.

"Momchil, tafi ka ciro sauran."

"Mamo, lokaci ya yi da..."

"Na ce ka tafi!"

Bai kai ga motsawa ba aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin, alhali a buɗe take.

Lelya Ginka ce. Matar da kullum ta katanga take miƙo min kwalbar jam, matar da ba ta taɓa mance ranar haihuwata ba ko sau ɗaya, amma ban taɓa ganin ta tako cikin ɗakunanmu ba. Iyakarta tsakar gida. Yau ga ta har bakin gadona, ko takalmi ba ta cire ba.

Na yi tsalle na tare ta.

"Lelya Ginka, ki gafarce ni. Na zubar miki da mutunci a gari. Kuskure ne, na rantse."

"Bar kuka, 'yar nan. Mutuncina ya daɗe da sabawa."

Ba ni take kallo ba. Mama take kallo.

"Fita, Ginka," in ji Mama.

"A'a."

"Mun yi alkawari."

"Da Zahari na yi. Na ce masa muddin yana gidan nan bakina a rufe yake."

"Yana nan!"

"Yau arba'in, Nedyalka. Ke kika kunna kyandir, ke kika zuba ruwan inabi a kabari. Ransa ya gama zagayen gida, ya tafi. Kin fi ni sani."

"Ki bari ko zuwa shekara."

"Da zan bari. Wallahi da zan bari har in bi shi. Amma ba ni na manna hannuna a ƙofar coci ba."

Maganar ta same ni a ƙirji. Na ja baya na jingina da teburin keken.

"Yanzu kowa na cewa ni karuwar mijinki ce," ta ci gaba. "Na ɗauki abubuwa da yawa saboda gidan nan. Wannan kam ba zan shiga kabari da shi ba."

"Ginka, na roƙe ki. Ita kaɗai ta rage min a ɗakin nan."

Ban taɓa jin Mama ta roƙi wani mahaluki ba. Ko likitocin Baba umarni take ba su.

Lelya Ginka ta fito da hannunta daga aljihu, hannun nan mai rabin yatsa. Tana riƙe da wani abu naɗe a hankici.

"Ina na ainihin?" ta tambaye ni.

Na buɗe aljihun tebur na ɗauko hoton Baba, gefensa duk tsatsar ƙusa. Ta karɓa ta ajiye a ƙarƙashin allon. Ta warware hankicin ta ajiye nata a kusa da shi.

Yankan ya haɗu tsaf.

"Daga kwandon shara na tsince shi," ta ce.

Ita ce, da ƙuruciyarta, gashi har kafaɗa. Hannunta na dama ya miƙa ya ƙetare yankan ya sauka a kan Baba. Na hagu kuma yana rungume da jaririya cikin bargo mai zanen agwagi.

Na san bargon. Yana cikin akwatina yanzu haka. Mama ta ce ita ta saƙa min shi tana da cikina, kuma ban taɓa tsayawa na tuna cewa Mama ko safa ba ta iya saƙawa ba.

"Juya shi," in ji Lelya Ginka.

"Kada ki juya," in ji Mama.

Na juya.

Rubutun Baba ne, da fensirin kafinta, manyan baƙaƙe kamar yadda yake yi a jikin katako. Wannan kam ba ya buƙatar a tashi tsaye kafin a gan shi.

*Bilyana ta cika kwana arba'in. Ita da mahaifiyarta.*

Momchil ya rufe fuska da hannu biyu. Da ƙyar na haɗa kalma ɗaya.

"Mamo?"

Su biyun suka amsa.